Askin da Aka Yi Mana Ba Mu Nan: Majalisa da Mutanen New Bell

Wata ranar Laraba cikin watan Agusta, lokacin da ruwan Duwala kan kwana ya wuni bai ɗauke ba, wani dattijo ya bugo waya muna tsakiyar shirinmu na Hausa. Ya ce daga New Bell yake magana. Ruwa ya shiga shagonsa har gwiwa, buhunan shinkafa sun jiƙe, kuma karo na uku ke nan a damina guda. Sai ya ce, "Ɗana, ba bara na bugo in yi ba. Ka gaya mini kawai, ƙofar wa zan je in ƙwanƙwasa?"

Na ce masa, "Baba, ka ba ni mako guda." Gaskiyar magana, duk da takardar shaidar aikin jarida da nake tinƙaho da ita, ban iya rarrabe masa a take ko lambatun da ya toshe na magajin garin gunduma ne, ko na magajin babban birni, ko kuwa magana ce ta ɗan majalisa. Don in rufe kunyata sai na juya tambayar ga masu sauraro: wa zai faɗa mana sunan ɗan majalisar da ke wakiltar unguwarsa a Yawunde? Layi ya yi tsit. Alhali waɗannan mutanen su ne suka hana mu sakat da kira a watan Mayu na 2019, lokacin da majalisar dokokin Jihar Kano ta raba masarautar Kano gida biyar, da kuma Mayun 2024 da ta soke dokar. Sun bi maganar dalla-dalla, domin BBC da Muryar Amurka da rediyon Jamus da na Faransa sun kawo musu ita da Hausa, safe da yamma. Majalisar da ke yanke musu haraji kuwa, da Faransanci take magana, kuma da wuya ta tako zuwa ƙofar masallacinsu.

Makon nan da na roƙa shi ya kai ni ga tarihi. Abin da na tarar shi ne, New Bell kanta majalisa ce ta haife ta, kuma tun daga ranar har yau, manyan dokokin da suka taɓa rayuwar Bahaushen Duwala, na fili da na sarauta da na wane ne ɗan ƙasa, an yi su ne shi ba ya wurin, sai daga baya ya ji. Hausawa suka ce waiwaye adon tafiya. Bari mu waiwaya.

Unguwar da aka haifa a Barlin

Ranar 12 ga Yuli 1884, Sarki Bell da Sarki Akwa, manyan sarakunan ƙabilar Duwala, suka sa hannu kan yarjejeniya da wakilan kamfanonin Jamus. A fahimtarsu, sun ba da mulki amma filayen da suke zaune a kai suna nan a hannunsu. Mutanen Duwala 'yan kasuwa ne da suka daɗe suna hulɗa da Turawa a bakin kogin Wuri, sun kuma gane da wuri cewa gwamnan da ke zaune a kansu yana da waɗanda ke sama da shi a Barlin, wato majalisar dokokin Jamus da ake kira Reichstag, wadda ita ke amincewa da kuɗin da ake kashewa a ƙasashen da Jamus ke mulka.

A 1905 sarakunan Akwa suka rubuta takardar koke zuwa ga wannan majalisa kan zaluncin Gwamna Jesko von Puttkamer. Aka mayar da takardar Kamaru, kotun gwamnan ta ɗaure waɗanda suka sa hannu. Da labarin ɗaurin ya isa Jamus sai 'yan adawa a majalisa suka tayar da ƙura, aka kira Puttkamer gida, kuma bai sake komawa kujerarsa ba. Mutanen Duwala suka koyi darasi: takarda tana iya kayar da gwamna idan ta faɗa hannun majalisar da ke da haƙora.

A 1910 jami'in mulkin Duwala, Hermann Röhm, ya fito da shirin kwashe baƙar fata daga bakin kogi, a bar wurin ga Turawa zalla. Hujjar da aka kafa ita ce zazzaɓin cizon sauro. Za a mayar da mutane can ciki, a bar fili mai faɗin kilomita guda babu kowa a tsakani. Sababbin matsugunan aka raɗa musu Neu-Bell da Neu-Akwa da Neu-Deido, ma'ana sabuwar Bell, sabuwar Akwa, sabuwar Deido. Rudolf Duala Manga Bell, sarkin Bell wanda ya yi karatu a Jamus, ya bi hanyar da magabatansa suka bi. Ya aika koke ga majalisa a 1911, ya sake aikawa a 1912. Aka tuɓe shi daga sarauta a 1913. Ya tura sakatarensa Ngoso Din zuwa Jamus a ɓoye domin ya gana da lauyoyi da 'yan jarida da 'yan majalisa. A watan Maris na 1914 kwamitin kasafin kuɗi na majalisar ya dakatar da kuɗin aikin, kamar dai gaskiya za ta yi halinta. Sai gwamnati ta zargi Manga Bell da neman haɗa kai da maƙiyan Jamus, majalisa ta janye jiki ta saki kuɗin. Ranar 8 ga Agusta 1914, kwanaki kaɗan da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka rataye shi tare da Ngoso Din a Duwala.

Ba a cika wata biyu ba, a ƙarshen Satumba, sojojin Ingila da Faransa suka kama birnin. Jamusawa suka tafi, amma taswirar da suka zana ta zauna. Duk wanda ya taɓa hawa babur daga Bonanjo, inda ofisoshin gwamnati suke, ya nufi New Bell, ya ga yadda titi ke ƙuntata lambatu ke cika, to ya ga ƙuri'ar da aka kaɗa a Barlin da idonsa.

Gidan da masu shi suka ƙi, baƙi suka cika

Akasarin mutanen Bell ba su yarda sun zauna a New Bell ba. A zamanin Faransa suka tare a unguwar Bali, kusa da tsohon mazauninsu. Filin da suka bari sai ya zama masaukin duk wanda ya shigo Duwala neman abinci: Bamileke daga tsaunukan yamma, Basa, Ewondo daga wajen Yawunde, mutanen Legas da Dahome da Togo da Senegal, da kuma Hausawa. Har yau sunayen unguwanni na ba da wannan labari: New Bell Hausa, New Bell Bamileke, New Bell Basa, Kongo, Kasalafam.

Bahaushe bai faɗo Duwala daga sama ba. Tun bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo aka kafa daular Adamawa, fatake daga Kano da Katsina da Zazzau suke bin hanyar Yola zuwa Ngaundere da Banyo da Tibati, suna kai tufafi da kanwa, suna sayo hauren giwa da goro. Mulkin Jamus ya buɗe musu hanyar zuwa teku, wasu a matsayin 'yan kasuwa, wasu cikin kayan soja. Jirgin ƙasa ya ƙara sauƙaƙa tafiyar: layin Nkongsamba ya fara aiki a 1911, na Yawunde ya isa a 1927, na Ngaundere kuma a 1974. Sana'ar fawa da cinikin shanu da goro da ɗinki suka zauna a hannun mutanenmu. Naman da duk Kamaru ke kira soya, suyar Bahaushe ce. A bakin mutanen kudu kuma, duk Musulmin arewa, ko Bafulatani ne ko Babarbare ko Kotoko, sunansa Hausa, ko kuma magida, daga kalmarmu ta maigida.

Ta yaya aka mulki wannan taron jama'a? Faransa ta bai wa kowace ƙabila sarkinta. Aikin sarki shi ne ya tara harajin kai, ya kawo ma'aikata idan an nema, ya sasanta rigimar aure da gado, ya kuma isar da umarnin Bature. Akwai dokar da ta bai wa jami'in mulki ikon ɗaure baƙin mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Saboda haka zauren Sarkin Hausawa ya zama ita ce majalisar da talaka ya sani. Can yake kai kuka, can yake jin abin da gwamnati ta yanke. Tsarin ya yi wa mutanenmu daɗi ta wani ɓangare, domin ya dace da abin da suka sani a zangon Kumasi da Sabon Ibadan: baƙo ya riƙe addininsa da kasuwarsa, ya bar wa masu gari siyasarsu. Amma yana da illa babba. Magana a wannan zaure daga sama take gangarowa. Sarki ba shi da ikon hana doka, iyakarsa ya roƙi sassauci. Masaniyar tarihi Lynn Schler ta rubuta littafi sukutum kan baƙin New Bell daga 1914 zuwa 1960, inda ta nuna yadda mazauna unguwar suka gina rayuwarsu da kansu a wurin da hukuma ta yi wa riƙon sakainar kashi.

Ƙuri'a ta zo da mudu biyu

Yaƙin Duniya na Biyu ya girgiza komai. A watan Agusta na 1940 Leclerc ya sauka Duwala ya jawo Kamaru ɓangaren Janar de Gaulle, kuma a cikin wannan yaƙi ne aka kafa Rediyon Duwala, gidan rediyo na farko a ƙasar. Bayan yaƙi, a watan Satumba na 1945, yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ya rikiɗe ya zama tarzoma, Turawa farar hula suka ɗauki bindiga suka yi ta harbin mutane a titunan birnin. A 1946 Faransa ta soke aikin tilas da dokar ɗauri ba shari'a, ta kuma kafa majalisar farko ta Kamaru, wadda ake taƙaita sunanta da ARCAM.

Kujeru 40 ne a cikinta. An ware 16 ga masu takardar zama ɗan Faransa, waɗanda ba su wuce 'yan dubbai ba, sauran 24 kuma ga 'yan ƙasa kimanin miliyan uku. Ko a cikin 'yan ƙasar ma ba kowa ke da ƙuri'a ba, sai sarakuna da ma'aikatan gwamnati da tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa masu lasisi da makamantansu. A 1947 aka ƙara da wanda ya iya karatun Faransanci ko Larabci, abin da ya buɗe ƙofa ga malamanmu. A 1951 aka ƙara da magidanta masu biyan haraji da matan da suka haifi 'ya'ya biyu. Cikin waɗanda suka shiga wannan majalisa ta farko akwai wani saurayi daga Garwa, ma'aikacin wayar iska a gidan waya, Ahmadu Ahidjo. Majalisar ta koma ATCAM a 1952, har Paul Soppo Priso, ɗan Duwala, ya shugabance ta. Sai a zaɓen 23 ga Disamba 1956 aka daina awo da mudu biyu, kowane baligi ya sami ƙuri'a guda.

Abin lura a nan shi ne muryar da ta fi ƙarfi a New Bell a waɗannan shekaru ba ta da kujera ko ɗaya a majalisa. An kafa jam'iyyar UPC a Duwala ranar 10 ga Afrilu 1948, tana neman 'yancin kai da haɗe Kamarun Faransa da ta Ingila. Hedikwatarta a New Bell take. Sakatarenta Ruben Um Nyobè ya je har Majalisar Ɗinkin Duniya a 1952 ya yi magana, amma akwatin zaɓe a gida bai taɓa ba shi nasara ba. Maganar da aka hana ta shiga zaure sai ta fita titi. A ƙarshen Mayu 1955, zamanin Roland Pré, aka yi arangama a New Bell, aka zubar da jini, hedikwatar jam'iyyar ta ƙone, ranar 13 ga Yuli kuma aka haramta ta. An kashe Um Nyobè a daji ranar 13 ga Satumba 1958.

Shugabannin al'ummar Musulmi 'yan arewa akasari sun yi nesa da UPC, suka karkata ga hukuma, daga baya ga Ahidjo, wanda ya zama firaminista a Fabrairun 1958. Wannan ya sa maƙwabta biyu da katanga ɗaya ta raba suka koma kallon juna da zargi. Ranar 24 ga Afrilu 1960, ba a cika wata huɗu da samun 'yancin kai ba, gobara ta cinye unguwar Kongo, dubban mutane suka rasa matsuguni. Bayanin hukuma ya jingina abin ga rikici tsakanin Hausawa da Bamileke. Wasu masana tarihi da waɗanda suka tsira kuwa suna nuna yatsa ga jami'an tsaron da suka kewaye unguwar. Ko wanne mutum ya ɗauka, sunan Bahaushe ya shiga wannan shafi, kuma wasu ne suka rubuta shi. Al'ummar da ba ta saba yin magana da bakinta a majalisa ba, ita ake ara wa baki.

Shekarun tafi

Tun a watan Oktoba na 1959 majalisa ta miƙa wa Ahidjo cikakken ikon yin doka da kansa na wasu watanni. A 1962 aka fito da dokar hukunta masu zagon ƙasa, wadda ta sa kowa ya kama bakinsa. A 1966 jam'iyyu suka narke cikin guda ɗaya, UNC. A 1972 aka rushe tsarin tarayya. Ɗan majalisa ya zama wanda jam'iyya ta rubuta sunansa, don haka ga jam'iyya yake bayar da ba'asi.

A cikin wannan shiru aka yi dokoki uku da har gobe suke bin mu. Ta farko ita ce dokar zama ɗan ƙasa ta 11 ga Yuni 1968, wadda ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba, alhali da wuya ka sami gidan Bahaushe a New Bell da ba shi da dangi a Kano ko Yola ko Maradi. Ta biyu ita ce dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, wadda ta mayar da takardar mallaka ta gwamnati ita kaɗai ce shaidar cewa fili naka ne. Gidaje da yawa a New Bell an gina su ne bisa yardar baki ko 'yar takardar ciniki tsakanin kaka da mai unguwa. Ta uku ita ce dokar sarautun gargajiya ta 15 ga Yuli 1977, wadda ta kasa sarakuna daraja uku ta kuma mai da su mataimakan hukuma. Daga 2013 ma har albashi ake ba su: sefa 200,000 ga mai daraja ta ɗaya, 100,000 ga ta biyu, 50,000 ga ta uku. Sarki na da mutunci a wurinmu, kuma yana kashe wutar da ba a ƙirguwa. Amma mu daina ɗora masa kayan da doka ba ta ba shi ba. Wanda hukuma ta naɗa kuma take biya, ba shi ne zai titsiye ta kan kasafin kuɗi ba.

Dattawanmu da yawa sun ɗauka tunda Musulmi ɗan arewa ke kan mulki, ba su da buƙatar wakili. Sai Ahidjo ya sauka a Nuwamban 1982, Paul Biya ya hau, aka yi yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984, ɗan arewa a kudu ya wayi gari abin zargi. Ranar aka gane cewa inuwar mutum ɗaya ba ta zama rufin gida.

Ɗan asali da baƙo

A Disamban 1990 aka dawo da jam'iyyu da yawa. A 1991 Duwala ta zama cibiyar yajin gama-gari da aka kira matattun birane. A zaɓen majalisa na Maris 1992, cikin kujeru 180, RDPC mai mulki ta sami 88, UNDP ta Bello Buba Maigari ta sami 68, UPC 18, MDR 6. Ba a sake ganin majalisa mai kusan kunnen doki irin wannan ba.

Ranar 18 ga Janairu 1996 aka ƙaddamar da sabon kundin tsarin mulki. Ya yi alkawarin majalisar dattawa da majalisun jihohi, ya kuma shigo da kalmar da ta zame mana ƙashin kifi a wuya: 'yan asali. Kundin ya ce gwamnati za ta kare haƙƙinsu, kuma shugaban majalisar jiha dole ya kasance ɗan asalin jihar. Kwana uku bayan haka aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, jam'iyyar adawa ta SDF ta lashe akasarin gundumomin Duwala, yawancin magaddan garin da suka fito kuma ba 'yan asalin bakin teku ba ne. A watan Fabrairu al'ummar Sawa, wato Duwala da danginsu, suka yi zanga-zanga suna cewa an mai da su baƙi a gidansu.

Adalci ya sa a faɗa cewa tsoronsu yana da tushe. Mutanen da aka ƙwace wa fili a 1914, aka rataye musu sarki, suka kuma zama tsiraru a birnin kakanninsu tun shekarun 1950, ba za a ce su daina jin zafi ba. Ko a Mayun 2022 an yi rusau a Dikolo, cikin unguwar Bali, saboda aikin gina otal. Sunan unguwar da nake zaune ma yana tuna mini kullum: a harshen Duwala, Bona na nufin zuriyar wane, shi ya sa ake da Bonanjo da Bonaberi da Bonamoussadi. Kuma kafin mu yi ƙorafi, mu tuna Sabon Garin Kano sa'ar New Bell ce, mu tambayi kanmu yadda ake kallon jikan wanda aka haifa a can. Duk da haka tambayar tana nan: Bahaushen da aka haifi kakansa a New Bell, aka binne shi a New Bell, ɗan asalin ina ne? Na san matasan da suka je neman katin ɗan ƙasa aka ce sai sun kawo shaidar garinsu na asali, alhali ba su taɓa ƙetare kogin Sanaga ba.

Alkawuran 1996 sun yi nawa. Majalisar dattawa ba ta zauna ba sai 2013, da sanatoci 100, goma daga kowace jiha, bakwai zaɓaɓɓu, uku naɗin shugaban ƙasa. Majalisun jihohi kuwa sai 6 ga Disamba 2020, shekara 24 bayan alkawari. Babban birnin Duwala, tun da aka kafa hukumarsa a 1987, wakilin da shugaban ƙasa ya naɗa ne ke riƙe da shi, har sai da dokar 24 ga Disamba 2019 ta ce kansiloli su zaɓi magajin birni, da sharaɗin ya zama ɗan asalin jihar. Roger Mbassa Ndine ne ya fara hawa wannan kujera a Maris 2020.

Ƙofofi huɗu

Ga amsar da na kai wa dattijon nan bayan mako guda. Ƙofa ta farko ita ce majalisar gunduma. Duwala na da gundumomi shida. New Bell ce cibiyar ta biyu, Bonamoussadi na cikin ta biyar. Takardar haihuwa da ta aure, makarantun firamare, ƙananan asibitoci da tsaftar lungu, duk a nan suke. Ƙofa ta biyu ita ce hukumar babban birni, mai manyan tituna da manyan magudanan ruwa da fitilun titi da kwashe shara da manyan kasuwanni. Lambatun da ya cinye masa shinkafa a nan maganarsa take. Ta uku ita ce majalisar Jihar Littoral, mai kujeru 90: kansiloli ke zaɓen 70, sarakuna ke zaɓen 20 daga cikinsu. Makarantun sakandare da tsarin raya jiha na cikin aikinta. Talaka ba ya zaɓenta kai tsaye, saboda haka ƙuri'ar da ka jefa wa kansila ƙuri'a biyu ce. Ta huɗu ita ce majalisar dokoki ta ƙasa a Yawunde, inda yankin Wuri ke da kujeru 9. Tana zama sau uku a shekara, Maris da Yuni da Nuwamba, kowane zama bai wuce kwana 30 ba. A zaman Nuwamba ake yanke kasafin kuɗi da harajin shekara mai zuwa. Kusan duk dokar da ta fito daga cikinta gwamnati ce ta kawo ƙudurin, kuma a 2018 da 2024 ta amince da tsawaita wa'adin 'yan majalisa maimakon a koma ga masu zaɓe a kan lokaci.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan zaman doka bai wuce wata uku a shekara ba, ɗan majalisa na da wata tara da zai iya zuwa ya zauna da waɗanda suka tura shi, ya ce ga abin da aka kawo, ga yadda na kaɗa ƙuri'a, ga dalili. Buhun shinkafa da sukari a watan azumi kyauta ce, mun gode, amma ba ta zama ba'asi.

Dokar 2019 ɗin nan da muke kuka da sharaɗinta na ɗan asali, ita ce kuma ta ba mu abin da kakanninmu ba su samu ba. Ta ce duk mazaunin gunduma ko mai biyan haraji a cikinta yana iya neman kwafin kasafin kuɗi da bayanan zaman majalisa, in ya biya kuɗin kwafin. Zaman kansiloli a buɗe yake ga jama'a. Ta yarda da kwamitocin unguwa. Ta kuma ce kason da gwamnatin tsakiya za ta ware wa ƙananan hukumomi da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigarta, abin da magaddan gari ke ta kukan ba su gani a ƙasa ba. Dokar zaɓe ta 2012 kuma ta wajabta wa kowace jam'iyya ta sa jerin 'yan takararta ya nuna al'ummomin da ke zaune a mazaɓar. Ana rajistar zaɓe daga Janairu zuwa ƙarshen Agusta kowace shekara, ga duk wanda ya cika shekara 20.

Daga Bonamoussadi

A New Bell aka yanke mini cibi. Yanzu ina haya a Bonamoussadi, unguwar da hukumomin MAETUR da SIC suka yanka suka gina a shekarun 1980, da tituna a miƙe da filaye masu takarda. Da yawa daga cikin 'ya'yan New Bell da suka yi boko ko kasuwa ta yi musu albarka nan suka dawo, ko Makepe, ko Koto. Mu ne muka iya Faransancin da ake rubuta kasafin kuɗi da shi. Mu ne kuma muka fi kowa nisa da lambatun da ke ambaliya. Sai ranar Juma'a ko ranar suna mu leƙa tsohuwar unguwa, mu gaida iyaye, mu dawo kafin ruwa ya sauko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma idan wanda ya iya rubuta takarda ya bar ɗakin, yoyon ba zai kai kunnen kowa ba.

Manga Bell ya aika takarda Barlin a jirgin ruwa, ya biya da ransa. Mu ofishin magajin garinmu kuɗin babur ne tsakaninmu da shi. Laifi na farko namu ne, mu masu makirfo, da muke kwashe awa guda kan siyasar Abuja mu kasa ba da minti goma ga zaman kansilolin gundumar da muke kwana a cikinta. Tun daga ranar da dattijon nan ya kira, na ɗauki alkawarin duk lokacin da aka amince da kasafin gunduma zan nemo shi in karanta shi da Hausa, layi bayan layi, in kuma aika wa kowane zaɓaɓɓe goron gayyata ya zo ya amsa tambayar masu sauraro. Wanda bai iya Hausa ba, tafinta na nan. Limamai da shugabannin mahauta da 'yan goro da ƙungiyoyin mata su ma suna da rawar takawa: a tura mutum biyu kowane zama, su saurara, su dawo su faɗa bayan sallar la'asar.

Dattijon ya sake kira bayan na karanta masa ƙofofin nan huɗu. Ya ce shi da maƙwabtansa goma sha ɗaya sun sa ɗan ɗayansu ya rubuta takarda, kowa ya sa hannu, sun kai, an buga musu hatimin karɓa a kan kwafinsu. Na tambaye shi ko an zo an yashe lambatun. Ya ce, "Tukuna, ɗana. Amma kwafin na nan a aljihuna, kuma ranar Litinin zan koma."

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin kukanmu, Ya kuma ba mu bakin faɗa musu.